Tsakanin "I work" da "I am working": wace siga ta dace da maganarka?

Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya fara koyon Turanci a firamare a Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin birnin Zazzau, yakan tarar da cewa Turanci yana da hanyoyi biyu na maganar abin da ya shafi yanzu, kuma sau da yawa sai mutum ya zaɓi ɗaya daga cikinsu kafin ya gina jimla. Ta farko ita ce wadda malamai ke kira present simple, irin "I work" da "she teaches", wadda za mu riƙa kira siga sassauƙa. Ta biyu ita ce present continuous, irin "I am working" da "she is teaching", wadda za mu kira siga mai ci, kamar yadda nahawun Hausa yake da nasa lokaci mai ci. Zaɓin ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, ko mai neman gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, domin sai da kiredit a Turanci ake samun shiga, kuma kuskure a waɗannan sigogi biyu yana daga cikin abin da mai duba takarda yake saurin ganowa.

Ginin kowacce ba ya buƙatar dogon bayani, amma kowacce tana da wurin da take kayar da mutum. Siga sassauƙa aikatau ne tsurarsa, sai dai idan mai aikin shi ne "he" ko "she" ko "it" ko wani suna tilo, a nan ake ƙara harafin s, a ce "Musa works", "she goes", "he studies", "the school has". Wannan ƙaramin harafi yana yawan faɗuwa daga bakinmu saboda dalilai biyu. A Hausa aikatau ba ya sauyawa saboda mai aikin, wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin, shi ya sa muke cewa ina aiki, yana aiki, suna aiki, ba mu taɓa kalmar aiki ba. Sannan Hausa ba ta tara baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma, don haka furta "works" ko "asks" yana yi wa harshe nauyi, abin da bai fita a baki ba kuwa da wuya ya sauka a takarda. Wajen tambaya da korewa kuma sai an kira "do" ko "does", kuma idan "does" ta shigo, ita ce ke ɗauke harafin s ɗin, a ce "Does she teach?" da "She does not teach". Siga mai ci kuwa tana buƙatar abubuwa biyu tare, wato "am" ko "is" ko "are", da kuma aikatau mai ƙarewa da ing. Wanda ya ce "He going" ko "He is go" ya kawo rabi ya bar rabi. Sauran wahalarta ta rubutu ce kawai: "make" ta zama "making", "sit" ta zama "sitting", "lie" ta zama "lying".

Ƙa'idar da aka fi koyarwa a aji ita ce siga sassauƙa ta abin da ake yi kullum ce, siga mai ci kuma ta abin da ake yi a wannan lokaci da ake magana. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, kuma tana warware jimloli da yawa, musamman idan akwai kalmomi irin "every day" da "usually" a gefe guda, ko "now" da "at the moment" a ɗaya gefen. Amma wanda ya tsaya a nan zai rasa abin faɗa idan ya ji wani yana zaune a wurin mai shayi, hannunsa riƙe da kofi, yana cewa "I am writing my project", alhali ba alƙalami ba takarda a gabansa, kuma jimlarsa daidai take. Haka zai rikice idan ya ji mai sharhin ƙwallo a rediyo yana cewa "He passes the ball, he shoots", game da abin da ke faruwa a daidai wannan daƙiƙa. A ganina ainihin bambancin ba a agogo yake ba, yana cikin yadda mai magana yake kallon al'amarin. Idan yana kallonsa a matsayin abu tabbatacce, wanda haka yake kuma ba a sa ran sauyawarsa nan kusa, sai ya ɗauki siga sassauƙa. Idan kuwa yana kallonsa a matsayin abin da aka fara, ake tsakiyarsa, kuma zai ƙare, sai ya ɗauki siga mai ci. Ta farko kamar ginannen gida ce, ta biyu kamar rumfar da aka kafa domin biki.

A gwada wannan da jimloli biyu masu kama da juna. Wanda ya ce "I live in Samaru" ya gaya maka garinsa ne, can iyalinsa suke, can za ka same shi baɗi. Wanda ya ce "I am living in Samaru" ya nuna cewa zaman na ɗan lokaci ne, wataƙila karatu ya kawo shi, ko yana jiran a gama gyaran gidansa a wani wuri. Malamar da aka ce "She teaches at Kongo", wato harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, aikinta ke nan na din-din-din, ko da yau Lahadi ce tana gida. Idan aka ce "She is teaching at Kongo this semester", an fahimci cewa aro aka yi ta zuwa can, kuma za ta koma inda ta fito. Haka abin yake ga yanayi. "It rains heavily in August" bayani ne kan ɗabi'ar daminar Zariya, ana iya faɗinsa a tsakiyar hunturu ƙura ta rufe gari, amma "It is raining" ba ta halatta sai ruwa yana sauka a lokacin. Abubuwan da ba sa motsi daga inda suke kuwa, ko waɗanda ilimi ya tabbatar, siga sassauƙa ce kaɗai ke ɗaukarsu: "Zaria lies between Kaduna and Kano", "The Kubanni flows through Zaria", "Water boils at 100 degrees".

Babban abin da ke jefa Bahaushe cikin kuskure shi ne zaton cewa kalmar ina daidai take da "I am", kalmar yana kuma daidai take da "he is". Zaton yana da dalili, domin sau da yawa suna haɗuwa: ina cin abinci ita ce "I am eating". Sai dai lokaci mai ci na Hausa ya fi na Turanci faɗi ƙwarai. Idan aka ce Malam yana koyarwa a Barewa, jimlar tana iya nufin yana cikin aji yanzu haka, tana kuma iya nufin can yake aiki shekara da shekaru, yanayin magana ne ke bambancewa. Gaskiya ne muna da lokaci sabau, wato nakan, yakan, sukan, wanda yake kusa da siga sassauƙa, amma ba dole ba ne mu yi amfani da shi, muna cewa ina zuwa kasuwa kullum ba tare da kowa ya ga laifinmu ba. Turanci bai ba da wannan sauƙi ba, a wurinsa "I go to the market every day" ita ce daidai. Almajiran da suka yi nahawun Larabci a zaurukan birni sun san irin wannan faɗi, domin fi'ili mudari'i ɗaya yana ɗaukar ma'anar yana rubutu yanzu da ta yakan yi rubutu. Faransanci da Jamusanci ma haka suke, siga ɗaya ta wadace su. Turanci ne ya fita daban da tilasta rarrabewa, don haka wahalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Abin da ya fi taimako shi ne mutum ya gwada a ransa ko zai iya musanya kalmar ina da kalmar nakan ba tare da ma'ana ta lalace ba. Idan musanyar ta yiwu, siga sassauƙa ake nema.

Tambayar nan ta yau da kullum, me kake yi, ta rabu gida biyu a Turanci, kuma rikita su yana jawo amsar da ba a nema ba. "What are you doing?" tana tambayar abin da hannunka yake kai yanzu, amsarta ita ce irin "I am washing my clothes". "What do you do?" kuwa sana'arka ake tambaya, amsarta "I am a tailor" ko "I sell grains". Matashin da ya je ganawar neman aiki aka yi masa ta biyu, ya amsa da ta farko, ya nuna wa masu tambaya iyakar Turancinsa tun kafin a buɗe takardunsa.

Inda ya kamata a fi daɗewa shi ne kan wani rukunin aikatau da ba sa nuna aiki, sai dai hali ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya, irin su "know", "understand", "believe", "want", "need", "like", "prefer", "own", "belong", "seem" da "hear". A daidaitaccen Turanci waɗannan ba sa karɓar siga mai ci, ko da abin yana faruwa ne a wannan lokaci, domin sani ko mallaka ba abu ba ne da ake ganin mutum yana tsakiyar yinsa. Hausa ta raba waɗannan gida biyu, ɗaya yana taimakonmu, ɗaya yana yaudararmu. Waɗanda ke taimako su ne irin na sani, na gane, na yarda, na tuna, inda Hausa ta ɗauki sigar shuɗaɗɗen lokaci alhali ma'anar ta yanzu ce. Tunda ba mu ce ina sani ba, da wuya a ji Bahaushe ya ce "I am knowing", sai dai ya kula kada ya mayar da su abin da ya wuce ya ce "I knew" a inda "I know" ake nufi. Waɗanda ke yaudara su ne masu farawa da ina. Ina da mota ita ce ke haifar da "I am having a car", alhali daidai ita ce "I have a car". Ina son ruwa "I want water" ce, ina bukatar kuɗi "I need money" ce. Kalmar ji ta fi kowacce rikitarwa, saboda yawan ma'anoninta. Ina jin ka a waya ita ce "I can hear you", ba "I am hearing you" ba, ina jin Hausa ita ce "I understand Hausa" ko "I speak Hausa", ina jin yunwa kuma "I am hungry" ce, babu maganar ji a cikinta ko kaɗan. Wanda yake nufin yana saurare da gangan, ya ba da hankalinsa, shi ne zai ce "I am listening", domin sauraro aiki ne, ji kuwa abu ne da ke faɗo wa kunne.

Wasu daga cikin waɗannan aikatau suna da fuska biyu, kuma a nan ne zaɓin siga yake sauya ma'ana gaba ɗaya. "Have" ba ta karɓar ing idan mallaka ake nufi, amma tana karɓa idan aiki ne, shi ya sa "We are having lunch" da "They are having a meeting" suke daidai, "She is having three children" kuwa ba ta nufin tana da 'ya'ya uku, mai jin Turanci zai ɗauka 'yan uku take shirin haifa. "I think he is right" ra'ayi ne, "I am thinking about it" kuwa tunani ne da ake cikin yi. "I see" tana nufin na gane, amma "I am seeing the doctor at Shika tomorrow" tana nufin akwai alƙawarin ganin likita a asibitin koyarwa. "The soup tastes good" bayani ne kan ɗanɗanon miyar, "She is tasting the soup" kuma uwargida ce a bakin tukunya da ludayi a hannu. Har ita "be" ɗin kanta tana shiga wannan tsari: "He is rude" hukunci ne kan halin mutum ɗungurungum, "He is being rude" kuwa yana nufin yau ne yake nuna rashin ladabi, ba lallai haka yake kullum ba. Mai son gyara wa ƙaninsa ba tare da ya ɓata shi ba, ta biyu ta fi masa.

Akwai kuma ina zuwa, wadda muke faɗa yayin da muke barin wuri da niyyar dawowa. A Nijeriya kowa ya fahimci "I am coming" da wannan ma'ana, kuma ba na ganin aibu ga wanda ya faɗa wa abokinsa haka a Kwangila ko a PZ. Amma mutumin Ingila ko Amurka zai ɗauka kana tahowa wurinsa ne, ya yi mamakin ganin ka juya baya, domin abin da shi zai ce shi ne "I will be right back".

Duka sigogin biyu suna iya maganar abin da bai zo ba tukuna, amma ba iri ɗaya ba. Siga sassauƙa tana ɗaukar abin da wata hukuma ko jadawali ya tsayar, wanda mai magana ba shi da ikon sauyawa: "The exam starts on Monday", "The library closes at ten". Siga mai ci tana ɗaukar shirin da mutum ya riga ya ƙulla da kansa, ya sa rana, wataƙila har ya gaya wa waɗanda abin ya shafa: "I am travelling to Kaduna on Friday", "We are meeting the supervisor next week". Abin da ba a shirya shi kuwa, kamar saukar ruwan sama, ba ya shiga wannan siga, ba a cewa "It is raining tomorrow". Sannan bayan kalmomin "when", "if", "before", "until" da "as soon as", siga sassauƙa ake sakawa ko da maganar ta gaba ce, a ce "I will call you when I arrive". A nan Hausa ta ba mu misali mai kyau, domin mu ma ba mu cewa idan zan iso, cewa muke zan kira ka idan na iso.

Kalmar "always" tana tafiya da siga sassauƙa idan bayani kawai ake yi, kamar "He always comes late". Idan aka haɗa ta da siga mai ci aka ce "He is always coming late", an sa ƙorafi a ciki, kamar yadda za mu ce kullum sai ya makara. Haka kuma abin da ke sauyawa sannu a hankali siga mai ci yake ɗauka, ko da sauyin ya ɗauki shekaru: "Prices are rising", "The town is growing towards Shika". A ɗaya ɓangaren, siga sassauƙa tana shiga wuraren da ƙa'idar aji ba ta hango ba. Kanun jarida suna amfani da ita ga abin da ya riga ya faru, ana ba da kwatancen hanya da ita, kuma maganar da furta ta shi ne aikata ta, irin "I promise", "I agree" da "I apologise", da ita ake yi.

Akwai wurin da babu ɗaya daga cikinsu da ta dace, kuma yana da kyau a san shi domin kada a ɓata lokaci wajen zaɓe tsakanin kuskure biyu. Muna cewa ina zaune a Zariya tun 2015, sai hannu ya ja mutum ya rubuta "I am living in Zaria since 2015", wanda ya ɗan waye kuma ya gyara zuwa "I live in Zaria since 2015". Duka biyu ba daidai ba ne. Duk inda kalmar tun ta shigo, ko aka ambaci tsawon lokacin da abu ya ɗauka har zuwa yanzu, Turanci yana neman "have": "I have lived in Zaria since 2015" ko "I have been living in Zaria since 2015".

Idan aka zo rubutu na hukuma, nauyin sigogin biyu ba ɗaya ba ne. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Samaru ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli zai ga cewa kusan duk abin da zai faɗa game da aikinsa siga sassauƙa yake bukata: "This study examines", "Table 3 shows", "The author argues". Jadawali ba ya cikin nunawa na ɗan lokaci, abin da ya nuna yau shi zai nuna bayan shekara goma, don haka "Table 3 is showing" kuskure ne da masu duba kundi ba sa yafewa. A takardar neman aiki ma, duk abin da ya shafi shaidar karatu da iyawa da ita ake faɗa: "I hold a diploma", "I speak Hausa and English". Siga mai ci tana da gurbi biyu a irin wannan takarda. Na farko buɗewa ce, inda "I am writing to apply" ta fi zama ruwan dare a Turancin yau, kodayake "I write to apply" da aka saba gani a ofisoshinmu ita ma daidai ce, ta dai fi ɗaukar nauyin tsohon salo. Na biyu shi ne abin da mai nema yake cikinsa kuma zai ƙare, kamar "I am currently serving in Kaduna State" ga mai yi wa ƙasa hidima, ko "I am awaiting my result" ga wanda sakamakonsa bai fito ba.

Saboda haka ɗalibin da ya tsaya cak a zauren jarrabawa, ya kasa tantancewa, kuma babu "now" ko "every day" a jimlar da za su haska masa, shawarata ita ce ya fara duba aikatau ɗin. Idan aikatau ɗin na sani ne ko mallaka ko so ko bukata, ya ɗauki siga sassauƙa kai tsaye. Idan na aiki ne, ya tambayi kansa ko abin yana da ranar ƙarewa da ake hangowa. A magana ta fatar baki ana yawan jin siga mai ci a wuraren da littafi bai yarda ba, har a bakin Turawan kansu, musamman a tallace-tallace da hirar matasa, inda za ka ji "I am loving this". Mai duba takardar WAEC ba da wannan ma'auni yake aiki ba, daidaitaccen Turanci yake nema, kuma kowane "I am having" na mallaka da ya gani a cikin insha'i zai ja masa layi ya rage maki a kansa.